Martani: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Zancen Sarautar Akan

Kwanakin baya wani marubuci ya fito da maƙala a kan sarautar Akan ta ƙasar Gana, kuma na ga mutanenmu sun karɓe ta hannu bibbiyu. Ya ce gadon sarauta ta tsatson uwa, inda ɗan 'yar'uwar sarki ke hawa kujera ɗan cikinsa yana kallo, shi ne tushen rigingimun sarautar da suka cika kotunan ƙasar. Ya ce ƙaura ta riga ta kashe tsarin, tunda 'ya'yan gidan sarauta sun watse a Akra da Landan da Amurka. Sannan ya ba da magani: Akan su koma ɗa ya gaji ubansa kamar sauran jama'a, kowa ya huta. Rubutun ya yi daɗin karatu, wannan ban musa ba. Amma tunda masu karatunsa Hausawa ne, waɗanda dama gadon kawu baƙon abu ne a kunnensu, dole a tanka wa Malam kafin zancen ya zauna a zukatan mutane a matsayin gaskiya.

Kuskuren farko ya faru ne tun daga bakin ƙofa. Malam ya rubuta kamar da zarar sarki ya rasu sai ɗan ƙanwarsa ya shigo ya zauna. A ƙasar Akan ba a haifar yaro a ce ga yarima mai jiran gado. Abin da tsatson uwa ke yi kawai shi ne shata da'irar waɗanda za su iya neman kujera. Kowane Ba'akane yana cikin abusua, wato dangin mahaifiyarsa, kuma manyan dangogin takwas ne: Oyoko, Bretuo, Agona, Asona, Asenie, Aduana, Ekuona da Asakyiri. Kujerar Kumasi ta gidan Oyoko ce, ta Mampong ta Bretuo ce, ta Akyem Abuakwa kuma ta Asona. A cikin gidan da ke da kujera ana iya samun maza da dama da suka cancanta: ƙannen marigayi, 'ya'yan 'yan'uwansa mata, jikokin innarsa. Wanda zai hau a cikinsu zaɓensa ake yi, kuma zaɓen yana da matakai.

Mai fitar da suna ita ce ohemaa, uwar sarauta. Ba matar sarki ba ce, kamar yadda wasu ke zato. Mahaifiyarsa ce, ko yayarsa, ko innarsa, ko wata babbar mace ta cikin gidan, tana da kujerarta da fadarta da masu magana da yawunta. Idan kujera ta zama ba kowa, manyan masu zaɓe kan aika mata su nemi ta ba su mutum. Ita ce ta san wa ya haifi wa, ita ce kuma ta ga tashin yaran, ta san mai haƙuri da mai zafin kai. Sai ta miƙa suna. Masu zaɓe, irin su Krontihene da Akwamuhene da Gyaasehene da sauran shugabannin rundunonin gari, suna da ikon su ce ba sa so. Sau uku take da damar miƙa suna. In duk ukun aka ƙi, zaɓe ya koma hannunsu, sai dai dole su ɗauko daga cikin gidan. Ke nan mace ce ke tsaron jini, maza masu riƙe da jama'a ne ke tsaron cancanta, kuma babu ɓangaren da zai iya naɗa sarki shi kaɗai. Wannan bayani ba ɓoyayye ba ne. R. S. Rattray, wanda ya taɓa wallafa littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913, ya rubuta shi dalla-dalla a littafinsa kan dokoki da tsarin mulkin Asante a 1929. K. A. Busia, ɗan gidan sarautar Wenchi wanda daga baya ya zama firayim minista, ya sake bayyana shi a 1951. Ban ga alamar Malam ya leƙa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a duk tsawon maƙalar ba a ambaci tuɓe sarki ba, alhali shi ne rabin tsarin. Ranar naɗi sabon sarki yakan riƙe takobi ya yi wa manyan gari rantsuwa, su ma su yi masa, kuma a bainar jama'a ake gaya masa abubuwan da ba za a ɗauka daga gare shi ba: zagin mutane, rowa, bin matan talakawa, yanke hukunci ba da shawara ba. In ya saɓa, waɗanda suka ɗora shi su ke sauke shi. A kawo ƙara, a saurare shi, in laifi ya tabbata a cire masa takalmi ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan ya koma talaka. Wanda aka tuɓe ba a baƙanta kujerarsa a ajiye ta a ɗakin kakanni, ba a kuma kiran sunansa a bikin Akwasidae da ake yi duk bayan kwana 42.

Kada a ce wannan a kan ƙananan dagatai kaɗai yake aiki. Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Kwame ya rasa kujerarsa a wajajen 1800, kuma cikin abubuwan da manyan Kumasi suka riƙe shi da su har da yawan kusantar Musulmi. Mu dai ba za mu ji daɗin wannan dalili ba, amma ya nuna wanda ke da iko a kan wa. Kofi Karikari ya sauka a 1874, bayan sojan Ingila ƙarƙashin Wolseley sun ƙone Kumasi, da aka gano ya ɗebi zinariyar da aka binne tare da magabata. Mahaifiyarsa Afua Kobi ce uwar sarauta a lokacin, kuma ba ta tare masa ba. Ƙanensa Mensa Bonsu da ya gaje shi, shi ma an sauke shi a 1883, samarin gari da ake kira nkwankwaa suna sahun gaba. Sarakuna uku cikin ƙarni ɗaya, a daular da ta fi kowace ƙarfi a yankin.

Yanzu a dubi maganin da Malam ya rubuta. Idan ɗa zai gaji uba, sarki mai rai yana da shekara talatin ko arba'in na shirya wa ɗansa hanya: ya tara masa dukiya, ya cika fada da mutanensa, ya nesanta duk wanda zai yi takara da shi. Asante sun san wannan, shi ya sa suka ba 'ya'yan sarki wurare masu daraja, kamar sarautar Akyempimhene da ɗan Asantehene ke riƙewa, amma suka rufe musu ƙofar Kujerar Zinariya, wato kujerar Asantehene. Ɗan sarki ya san ba zai taɓa hawa ba, don haka ƙarfinsa yana tafiya ne wajen kare kujerar. Sarki kuma ya san mai gadonsa ba daga cikinsa zai fito ba, kuma ba shi zai zaɓe shi ba. Wanda ya ce a soke wannan, ya sani ko bai sani ba, cewa yake a kwance wa sarki takunkumi.

Ba zan ce tsarin bai taɓa zub da jini ba. Bayan tuɓe Mensa Bonsu Asante ta shiga yaƙin basasa har 1888, lokacin da Yaa Akyaa ta yi nasarar ɗora ɗanta Prempeh na Ɗaya a kan abokin takararsa Atwereboanna, garuruwa suka lalace, jama'a suka gudu kudu. To amma sai a tambayi Malam me ke faruwa a makwabta masu gadon uba a daidai wannan zamani. A 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe a ƙasar Gwanja ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro, fataken Hausawa da malamansu suka watse zuwa Kete Krachi da sauran zangonni, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan mai waƙoƙi. A 1893 Kano ta faɗa nata basasar tsakanin Tukur da Yusufawa. Babu gadon kawu ko ɗaya a waɗannan wurare.

Misalin da ya fi kusa ma yana cikin Gana ɗin. Rikicin sarauta mafi muni a tarihin ƙasar na baya-bayan nan a Dagbon aka yi shi, inda sai ɗan Ya Na ke zama Ya Na. Gidan Abudu da gidan Andani, zuriyar uba ɗaya, sun shafe shekaru suna ja-in-ja, har a watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi tare da mutane da dama. Dagbon ta zauna ba Ya Na sai a watan Janairun 2019. Wa ya jagoranci kwamitin manyan sarakunan da ya sasanta su? Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu, tare da Nayiri na Mamprugu da Yagbonwura na Gwanja. Shi kuwa Otumfuo, wanda ya gada ya rasu a watan Fabrairun 1999, shi aka naɗa shi ranar 26 ga Afrilu na shekarar. Wata biyu a Kumasi, kusan shekara 17 a Yendi. Ba na kawo wannan don in ci zarafin Dagomba ba, kuma ba na cewa gadon uba ne ya jawo abin da ya faru. Cewa nake duk inda kujera ɗaya take, masu so kuma da yawa, za a yi rigima, ta ɗakin uwa aka bi ko ta zauren uba.

Sai zancen ƙaura, kuma a nan ne Malam ya karanta tarihin a juye. Yawancin masarautun Akan ƙaura ce ta haife su. Labarin baka na kusan kowane gari yana farawa ne da wata tsohuwa da 'yan'uwanta maza da suka taso daga wani wuri, galibi Adanse ko Denkyira ko Bono, ɗauke da kujerar gidansu. Bayan Akyem sun ci Akwamu da yaƙi a 1730, Akwamu suka ƙetare kogin Volta da sarautarsu, suna can a Akwamufie har yau. A kan tuddan da suka bari aka kafa masarautar Akuapem, gidan sarautar da ya fito daga Akyem ya zauna a Akropong yana mulkin garuruwan Guan irin su Larteh, waɗanda su gadon uba suke yi. Mutanen Juaben da suka sha kashi a hannun Kumasi a 1875 suka sauka a ƙasar Akyem suka kafa Sabuwar Juaben, wadda hedikwatarta Koforidua ita ce babban birnin Jihar Gabas a yau. A Kwaddibuwa kuwa, Baule suna danganta kansu da Abla Pokou, 'yar gidan sarautar Kumasi da ta ja mutanenta yamma suka ƙetare kogin Komoe a ƙarni na 18 bayan rikicin gado. Felix Houphouet-Boigny, shugaban ƙasar na farko, Baule ne, kuma kafin siyasa ya riƙe sarautar da ta zo masa ta wajen dangin mahaifiyarsa.

Akwai dalilin da ya sa tsarin ke jure tafiya. Wanda aka kayar a takara ba dole ne ya zauna ya yi ta ƙulla makirci ba, yana iya ɗaukar 'yan'uwansa mata da 'ya'yansu ya sari daji ya kafa gari, kuma kujerarsa halattacciya ce tunda jinin yana tare da shi. Dangogin nan takwas kuma sun ratsa dukkan ƙasashen Akan. Ɗan Asona da ya taso daga Kyebi ya sauka a wani gari a Asante zai tarar da 'yan Asona, su ba shi masauki, in ya mutu su binne shi a matsayin ɗan'uwa. Bahaushen da ya san abin da zango yake yi wa baƙo ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Ƙaurar koko ta zo ta ƙara tabbatar da haka. Daga wajajen 1890 manoman Akuapem suka riƙa gangarowa dazuzzukan Akyem Abuakwa suna sayen ƙasa, kuma zuwa 1911 Gana ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Polly Hill, Baturiyar da daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin noman Hausawa, ta bi sawun waɗannan manoma a littafinta na 1963. Ta nuna cewa masu gadon uba, kamar Krobo da mutanen Larteh, kan haɗa kuɗi su sayi fili su yanka shi dogaye-dogaye kowa da nasa, su kuwa masu gadon uwa na Akropong da Aburi sai mutum ɗaya ya saya ya zaunar da danginsa a kai. Duka hanyoyin biyu sun yi aiki, kuma ribar ta koma gida ta gina benaye a kan tudu. Da gadon uwa yana kashe zuciyar nema, kamar yadda Malam ya yi shaguɓe, da ba a ga wannan ba.

Ƙaurar zamani fa, ta jirgin sama? Malam ya kawo ta a matsayin shaidar mutuwar sarauta, ni kuwa ina ganin sarakunan wannan zamani sun isa amsa. Opoku Ware na Biyu, wanda Otumfuo ya gada, lauya ne da ya yi karatu a Ingila, an ma ba shi jakadancin Italiya lokacin da aka kira shi sarauta a 1970. Otumfuo na yanzu ya yi karatu a Landan, ya yi aiki a Kanada da Ingila kafin ya dawo. Okyenhene Amoatia Ofori Panin, sarkin Akyem Abuakwa, ya daɗe a Amurka kafin a naɗa shi a Kyebi a 1999. Yaron da aka haifa a Toronto, in dai mahaifiyarsa 'yar gidan ce, matsayinsa ɗaya da wanda aka haifa a bayan fadar Manhyia, ko da mahaifinsa daga wata ƙabila ya fito. Ƙungiyoyin Asante a manyan biranen Turai da Amurka suna naɗa shugabanninsu da ake kira Asantefuohene, masu mubaya'a ga Kumasi. A 1985 kuma Opoku Ware ya ƙirƙiro sarautar Nkosuohene, sarkin raya gari, wadda ba ta buƙatar jinin sarauta, don a jawo masu hali na gida da na waje su yi wa gari aiki. Sarautar da Turawa suka kama mai ita, Prempeh na Ɗaya, a 1896, suka kai shi Saliyo sannan tsibiran Seshel, bai dawo ba sai 1924, kuma jama'a suka ƙi naɗa wani a madadinsa, har Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja yaƙi a 1900 da gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, ba bizar Amurka ce za ta kashe ta ba.

Inda Malam ya taɓo gaskiya shi ne kukan zawarawa da marayu. An sha ganin mutum ya mutu, matarsa da 'ya'yansa da suka yi wahalar gonar koko tare da shi su wayi gari dangin uwarsa sun karɓe komai. Wannan zalunci ne, kuma Akan da kansu sun daɗe suna faɗa. Sai dai Malam ya haɗa gadon dukiya da gadon kujera ya ɗaure su da igiya ɗaya, alhali dokar Gana ta raba su tun 1985. Doka mai lamba 111 ta zamanin Rawlings ta ce wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, gidansa da kayan ɗaki na matarsa ne da 'ya'yansa. Sauran abin da ya tara da guminsa a kasa shi 16: 'ya'ya su ɗauki 9, mata ko miji 3, iyaye 2, a bar wa al'ada 2. Dokar ba ta taɓa dukiyar kujera ko ta dangi ba. An yi wa ciwon magani ba tare da an rushe sarauta ba, abin da ya rage shi ne a tabbatar matar ƙauye ta san haƙƙinta kuma ta iya kai ƙara.

To me ke cika kotuna da shari'un sarauta? Ƙasa. Kusan kashi 80 cikin 100 na filayen Gana a hannun sarakuna da dangogi suke, kuma a ƙasar Akan sarki ne mai sa hannu a kan filin kujera. Kujerar ƙauyen da da ba mai so, saboda ɗawainiyarta ta fi amfaninta, yau in garin yana gefen Kumasi ko yana kan zinariya ta zama abin da attajiri zai zuba kuɗi ya nema. Tsarin mulkin 1992 ya tsara yadda za a raba kuɗin shigar filayen kujera: bayan an cire kashi 10 na ofishin da ke kula da su, majalisar gunduma ta ɗauki 55 cikin 100 na ragowar, kujera 25, majalisar gargajiya 20. Amma babban kuɗin da mai sayen fili ke biya, wanda ake sakaya shi da sunan kuɗin abin sha na al'ada, sau da yawa ba ya bi ta wannan hanya. Shi ya sa a 'yan shekarun nan Otumfuo ya tuɓe sarakuna da dama da ke ƙarƙashinsa, wasu saboda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, wasu saboda haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya da ake kira galamsey. Ɗan sarki da ɗan ƙanwar sarki duk suna iya sayar da fili sau biyu.

Sai hannun gwamnati. Nkrumah ya sa an sauke Okyenhene Ofori Atta na Biyu a 1958 saboda goyon bayan 'yan adawa, ya yanke Brong-Ahafo daga Asante a 1959, ya ɗaga darajar sarakunan da suka bi shi. Sojojin da suka hamɓarar da shi a 1966 suka zo suka warware naɗe-naɗen da doka. Gidaje da yawa da ke shari'a yau jikokin waɗannan mutum biyu ne, wanda aka ɗora da wanda aka sauke, kowanne da takardar gwamnati a hannu. Saboda wannan darasi ne tsarin mulkin 1992 ya hana majalisa ba wani ikon amincewa da sarki ko janye amincewa, ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, ya kuma bar shari'ar sarauta a hannun majalisun sarakuna, sai ɗaukaka ƙara ta ƙarshe ta je Kotun Ƙoli.

Da Malam ya nemi raunin tsarin na gaskiya, da ya same shi a wani wuri. Salsalar gidajen sarauta a ka take, ba a takarda ba, kuma al'adar Akan ta hana tona asalin mutum. Gidaje da yawa sun haɗiye zuriyar baƙi da ta bayi mata tun ƙarnonin baya, ana zaune lafiya har ranar da kujera ta faɗi, sannan a fara cewa kakar wane ba 'yar gida ba ce. Idan uwar sarauta ta tsufa, ko ita ma ana jayayya a kan kujerarta, ko ta karɓi abin hannun mai kuɗi, babu mai raba gardama. Akropong ta shafe shekaru ba sarki bayan rasuwar Addo Dankwa na Uku a 2015. Akwai kuma sarakunan da ke zaune a Akra ko ƙasar waje, sai biki ko jana'iza ke kawo su gida. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma maganinsu yana rubuce: tsarin mulki ya ɗora wa Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, mai mazauni a Kumasi, aikin tattara layin gadon kowace kujera a rubuce, dokar filaye ta 2020 kuma ta mai da sarki amintacce da za a iya tuhuma a kan kuɗin ƙasa. A ƙarasa aikin farko, a aiwatar da na biyu.

Akan su ne kusan kashi 46 cikin 100 na mutanen Gana a ƙidayar 2021, kuma dubban Hausawa suna zaune a zangonnin Kumasi da Techiman da Koforidua a kan ƙasar waɗannan kujeru, sarakunan zango suna kai gaisuwa fadojinsu. Mai rubuta wa Hausawa labarin masu masaukinsu ya kamata ya fara sanin yadda gidan yake kafin ya ba da shawarar a rushe shi. Ina roƙon Malam ya koma ya karanta tarihin Kofi Karikari da na Yendi, sannan ya sake ɗaukar alƙalami.